Sallau Bakanike Ya Tafi Bai Wanke Sunana Ba

Ina ɗaurin dawa a gonata ta Sule Tankarkar da hantsi, wani mai keke daga Gumel ya tsaya ya ce, "Habu, Sallau Bakanike ya riga mu gidan gaskiya, da la'asar za a kai shi." Na yi salati, na ajiye damin. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, abin da ya fara zo mini ba tausayi ba ne. Takaici ne, domin mutum ɗaya tak da zai iya wanke sunana ya tafi bai wanke ba.

Hakkinsa ne in faɗi alherinsa. Duk ƙasar Gumel ba a yi mai hannunsa ba. Motocin da ke kai gyaɗa Gagarawa Tasha a ƙofarsa suke jinya. Yakan kafa sanda a jikin inji, ya kara kunne, ya faɗi cutar. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, direba ne ke yi." Yakan kuma ce, "Ba a ɗaure noti da fushi." Sai dai mutum ne mai kaushin harshe, wanda bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Shekara shida ke nan, ina tuƙa wa wani Bature mai awon gyaɗa tsohuwar motarsa, ƙarama mai kujera biyu, marar rufi, mai gudun tsiya. Ta fara ɗigar da baƙin mai, na kai wa Sallau. Ya kwance kaskon man da ke ƙarƙashin inji, ya kankare tsohuwar shimfiɗar da ke toshe bakinsa, ya ɗora kwali mai kauri, ya bi gefen da ƙaramar guduma har sabuwa ta fita tsaf. Yana cikin mayarwa wani direba ya zo suka yi cacar baki. Ya koma ƙarƙashin motar yana huci, ya bi notuna a jere yana murɗa su da ƙarfi, maimakon ya riƙa tsallakawa a hankali kamar yadda shi kansa yake koya wa mutane.

Na ce, "Baba Sallau, ba ka matse ta da yawa ba?"

Ya ce, "Kai, riƙe sitiyarinka, ka bar mini sufanata."

Kwana biyu bayan haka, a hanyar Gagarawa, shimfiɗar ta tsage, man ya tsiyaye cikin rairayi, inji ya ƙone. Baturen ya kira mu gaban jama'a. Sallau ya dube ni ido cikin ido ya ce ba na duba mai, sakacina ne. Aka kore ni. Daga Gumel har Maigatari sunana ya zama Habu mai ƙona inji, ba wanda ya sake ba ni makulli. Na koma fartanya da 'ya'ya biyar.

Bara na tare shi a kasuwar Maigatari, mu biyu kaɗai. Na ce, "Baba Sallau, ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Habu, in na faɗa wa zai ƙara kawo mini mota? Kai kana da gonar gado, ni sufana ce gonata." Ya juya ya shige cikin mutane. Babu kunnen da ya ji sai nawa.

Ranar da labarin rasuwarsa ya zo mini, na ari keke na iske jana'izarsa. Liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Na dai bi sahu na sallace shi, na kama makara har kushewa.

Allah Ya jiƙan Sallau, Ya yi masa rahama, Ya sa ƙwarewarsa da ta ciyar da gidaje masu yawa ta zama nauyi a mizaninsa. Allah Ya ba matarsa Iya Gambo da 'ya'yansa haƙuri, Ya rufa musu asiri, ba su da laifi a wurina. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka sassauta zuciyata in yafe masa kafin mu tsaya a gabanKa, domin har yau ban iya ba.