Tagar da na fasa a zaurena

Shekarar da fari ya cinye dabbobi, ina sayar da tuwo a wani zaure kusa da kasuwar raƙuman Agadez. Mijina ya rasu, da tukunyar nan nake ciyar da 'ya'ya huɗu. Zauren duhu ne, ba taga, sai tabarmi a kusurwoyi. Masu cin tuwona Abzinawa ne da suka gangaro gari hannu wofi. Namijinsu ba ya sauke amawali daga bakinsa a gaban mutane, don haka kowa zai ɗauki akushinsa, ya juya wa ɗan'uwansa baya, ya ci cikin sutura.

Ni ko, da shegen kwaɗayina, ma'aikatan gwamnati nake hange. Na kira magini ya fasa mini ƙatuwar taga ta wajen hanya, na shafe bango da farar ƙasa, na jera kujeru suna kallon juna. Har ina yaba wa kaina.

Abzinawa suka riƙa leƙowa suna wucewa. Ma'aikatan ma ba su zo ba. Soji ne suka zo, don daga tagar ana ganin duk mai shiga kasuwa. Su jingina bindigogi da bango, ni kuma in zuba musu miya. Maƙwabta suka rage gaishe ni.

Wata rana da azahar wani dattijo da ya daɗe yana ci a wurina ya shigo, yunwa ta sha ƙarfin kunyarsa. Ya duba kusurwar da ya saba zama, haske ko'ina. Sarjan ɗin sojin da ke zaune ya ce masa ya kawo takardar shaida, ya kuma sauke amawali a ga fuskarsa. Dattijon ya sauke. Na sunkuyar da kai, amma na riga na ga bakinsa a buɗe a gaban mutane. Ya fita bai taɓa tuwon ba.

Washegari da sassafe na rataya tabarma na toshe tagar. Da sarjan ya zo, ya tsaya yana kallonta.

"Uwargida, me kike ɓoyewa?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Rana ce ta yi yawa."

"Cire."

Na tuna 'ya'yana. Na hau kujera na cire da hannuna, har na ce masa ya yi haƙuri.