Tarhon Da Bai Amsa Sallama Ba

A tsakiyar shekarun casa'in ni ɗan kasuwar wake ne a Madarunfa, ban kai arba'in ba, ina da mata da 'ya'ya uku da baki mai yawa. Da kaka nakan bi ƙauyukan yankin Gabi in sayi wake da gyaɗa, in kai Ɗan Issa in sayar wa masu tsallakawa da su Najeriya. Ban yi arziki ba, amma gidana bai taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ke riƙe da sana'ar duka wata tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Ba tawa ba ce ni kaɗai. Ni da yayana muka haɗa muka saye ta, shi da kuɗin ciranin da ya yi shekaru yana zuwa Kano, ni da ɗan abin da na tara. Shi manomi ne, yana zaune a ƙauyenmu can bayan Gabi, bai iya tuƙi ba, bai kuma taɓa neman ya koya ba. Na rubuto muku ne don na ga har gobe samari suna tafka irin wautar da na tafka, kuma abin yana ci mini rai.

Bashen nan ba ta da kyan gani, wannan ba zan musa ba. Ƙofar direba da waya nake ɗaure ta, da safe sai an tura ta kafin ta tashi, idan ta tashi kuma duk unguwa sai ta sani. Amma ba ta taɓa tsayawa a yashi ba, ba ta kuma tsoron laka. Ita ke kwaso hatsin gida, ita ke kai gawa, ita ke kai mara lafiyar ƙauyenmu likita idan jiki ya yi tsanani. Duk wannan ban gan shi ba a lokacin. Abin da nake gani kawai shi ne yadda ake dariya idan na faka ta a gefen majalisar da nake zama da yamma kusa da tasha, inda masu ƙananan motoci ke taruwa suna shan shayi, kowa da makullinsa a yatsa yana juyawa.

A majalisar nan ba a wata hira sai ta mota. Mai ƙirar Faransa ya ce tasa ce motar ƙasar nan, don kayan gyaranta ko a kasuwar ƙauye ka tambaya za ka samu. Mai ƙirar Jafan ya ce tasa lasar mai take yi, ba ta sha. Mai ƙirar Jamus kuwa ba ya ma tsayawa gardama, sai ya rufe ƙofar tasa da ƙarfi ya ce mu saurari ƙarar, wai ita ce amsa. A abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya: mutum mai mutunci matsakaiciyar mota mai ƙofa huɗu yake hawa, ba 'yar mitsitsiya ba, ba kuma zungureriya irin ta manyan gwamnati ba. Bashe kuwa, a cewarsu, motar buhu ce, mai ita yaron buhu ne ko da ya je Makka ya dawo. Ba wanda ya taɓa faɗa mini cewa da zarar damina ta kankama dukansu babur ɗin haya suke hawa idan za su ƙauye. Suna da ido, suna ganin hanyar da nake bi kullum, amma ba wanda ya buɗe baki. Ni kuma kunne ya riga ya cika.

Haka na tashi wata rana na tafi Maraɗi, wani fili inda ake jera motocin da aka sauko da su daga jirgin ruwa a Kwatano. Dillalin da ya tare ni ya san aikinsa. Tun kafin in gama gaisuwa ya mai da ni alhaji, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya kai ni gaban wata mai ruwan toka da ke ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ya ce tun da aka ƙera ta ba ta taɓa taka yashi ba, kwalta kawai ta sani. Wallahi ni yabo na ɗauki maganar. Ya nuna mini gilashin da ke sauka da kansa, ya kunna sanyi, ya sa kaset. Sannan ya ɗaga hannu daga kan abin da ya rufe tsakanin kujerun gaba. Tarho ne baƙi, da murɗaɗɗiyar igiyarsa, maɓallansa suna ba da koren haske. A zamanin da in kana son magana da Yamai sai ka je gidan waya ka bi layi! Na tambaya ko yana aiki. Ya ce lafiyarsa lau, layin ne dai bai ƙaraso Maraɗi ba, amma yana hanya, kafin azumi zai iso, a lokacin kuwa irin motar nan sai mai rabo. Muka zagaya da ita kan kwalta cikin gari, ban ce mu sauka ko gefen hanya ba. Ina tuƙi idona na kan koren hasken nan.

Matsalar ita ce kuɗina ba su kai ba sai an sayar da bashe, bashe kuma rabinta na yayana ne. Na same shi a gona. Da farko ya ƙi, ya ce da me za a riƙa kai mutane likita. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Matarsa ta yi ɓari sau biyu, kuma a lokacin tana da ciki, gidan duka a tsorace yake. Sai na ce masa ai dalilin da ya sa nake son motar ke nan. Na ce akwai tarho a ciki, in wani abu ya taso ba sai mun yi ta jijjiga ta a bayan bashe ba, daga ƙofar gida za mu kira babbar likita ta Maraɗi, wato asibiti, su turo motarsu da ma'aikaci. Ban faɗi maganar layin da ke hanya ba. Ya jingina da hauyarsa, sannan ya ce in dai haka ne ya yarda, ni na san gari, shi bai sani ba.

Aka sayar da bashe, na sayo motar. Azumi ya zo ya wuce, tarho shiru. Na koma wurin dillali, ya ce sai bayan salla. Na koma bayan salla, ya ce an samu jinkiri daga sama. Zuwa na gaba ba ruwan sanyi, ba alhaji, yana hango ni sai ya shiga bayan wata mota yana duba taya. Daga ƙarshe na ɗauki ƙafa na je gidan waya na tambaya, aka gaya mini a fili cewa wannan abin a ƙasar da aka ƙero shi kawai yake aiki, ba layin da zai zo ya tashe shi a nan. Na fito raina a ɓace na koma filin motocin na yi ta zuba faɗa. Mai wurin ya saurare ni har na gaji, sannan ya tambaye ni ko mota na saya ko tarho, ya ce in mota ce ga ta nan tana tafiya. Na juya na fita. A gefe guda kuma sana'ata tana tafiyar hawainiya, don buhu biyu kawai in na sa a baya sai gindin motar ya riƙa jan ƙasa, dole na koma hayar motar wasu don ɗaukar kayana.

Da a ranar na wuce ƙauye na gaya wa yayana gaskiya, da ya yi fushi, da mun san abin yi tun da sauran lokaci. Ban je ba. Abin da na yi ya fi haka muni. Duk sanda zan wuce tasha, ko zan shiga ƙauyenmu, sai in ɗauki tarhon in kara a kunne ina gyaɗa kai, ina motsa baki. Mata su leƙo ta kan danga. Labari ya kai har ƙauyukan maƙwabta cewa gidanmu akwai motar da ke magana da likita. Yayana da kansa na ji shi yana gaya wa surukinsa a kwantar da hankali, in haihuwar ta zo da gardama kira ɗaya ne. Ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai na ci gaba da shan furata.

Ranar ta zo cikin tsakiyar damina. Na je ƙauye duba gonata, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, da ƙyar ma na shiga. Da hantsi ungozoma ta aiko cewa naƙudar matar yayana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun jiya, abin ya fi ƙarfinta, a nemi likita. Yayana ya zo da gudu ya ce in kira. Na ce masa a cikin gari ba ya kamawa sosai, mu ɗauke ta mu fita fili, sai mu kira su tare mu a hanya. Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar mahaifiyarmu, shi ya zauna gaba kusa da ni. Ina tuƙi ina roƙon Allah Ya tsallakar da mu koramar da ke tsakaninmu da Gabi. Ruwan ya janye, sai jiƙaƙƙen yashi, irin wanda bashe ke ratsawa ko canza giya ban yi ba. Muna kaiwa tsakiya cikin motar ya zauna daram a kan yashi, tayu suna juyawa a banza. Mutanen da ke noma a kusa suka yar da hauya suka zo, aka tura, aka tona, aka sa reshe da kara. Sai ƙara nutsewa take yi.

Yayana ya dawo gefena, laka har gwiwa, ya ce to ga fili, in kira. Ya sake faɗa. Da ya ga ban motsa ba sai ya zura hannu ta taga ya ɗauki tarhon da kansa, mutumin da bai taɓa riƙe irinsa ba tun da aka haife shi. Ya kara a kunne kamar yadda ya saba gani ina yi, ya yi sallama. Ya jira. Ya sake yin sallama da ƙarfi, ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya ce mace ce ke kan gwiwa. Ya jira. Ya yi ta uku, kamar yadda ake yi a ƙofar gidan mutane kafin a juya. A baya matarsa tana nishi, mahaifiyarmu tana salati. Sai ya dube ni. Bai zage ni ba, bai tambaye ni komai ba. Ya mai da tarhon mazauninsa a hankali, ya juya ya nufi gonaki neman amalanke.

A kan amalanken shanu aka kai ta Gabi, ina biye da ƙafa. Ma'aikacin ƙaramar likitar can ya duba ya ce sai Maraɗi. Aka samu wata bashe a bakin kasuwa, tsohuwa irin tamu sak, ita ta kai mu ana kiran la'asar. An yi wa matar yayana aiki, Allah Ya sa da sauran kwananta. Yaron kuwa namiji ne, bai zo da rai ba. Na san rai da ajali na Allah ne, kowa ya faɗa mini haka a zaman gaisuwa. Amma na san kuma awa nawa muka ɓata a cikin yashin nan, na san wanda ya sayar da motar da za ta tsallake.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne majalisa. Da na koma, kowa ya zama gwani. Mai ƙirar Faransa ya ce ai da na tambaye shi. Mai ƙirar Jafan ya ce shi tun ranar farko ya ga motar ta yi ƙasa da yawa. Mai ƙirar Jamus ya ce wa ya aike ni ƙauye da motar birni. Mutanen da suka rako ni har bakin rami ke nan. Tun ranar ban sake zama a wurin ba. Motar na sayar da ita da asara, na ba yayana rabonsa cif, ya karɓa ya yi godiya kamar baƙo ne ya ba shi. Muna gaisawa, muna zumunci, daga baya ma Allah Ya ba su 'ya'ya. Amma bai sake cewa ni na san gari ba, kuma duk abin da na faɗa masa sai ya tambayi wani.

Don haka ina kira ga duk mai shirin shiga filin sayar da mota, musamman yanzu da aka cika su da abubuwa masu haske da magana. Kada ka sayi abin da aka ce zai yi aiki nan gaba; a kunna shi a gabanka, ya yi aikin a garinku, ka gani da idonka. Ka gwada mota a hanyar da za ka bi da ita, ba wadda dillali ya zaɓa ba. Masu ba ka shawara a gindin bishiya ba za su zo tura ka ba. Idan kuma an riga an cuce ka, ka faɗa wa naka tun da wuri. Cutar da dillali ya yi mini a aljihuna ta tsaya, ni na ɗauke ta da hannuna na kai gidan ɗan'uwana.

Shekaru bayan haka, da wayar hannu ta iso yankinmu da gaske, na sayi guda na kai wa yayana, ina fatan ko zai ji sanyi. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya. Sannan ya ɗago, ba da gatse ba, ba da fushi ba, ya tambaye ni ko ita wannan tana amsa sallama.