Hayar Wata Goma a Aziziyya

Akwai abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so, don mutanen gidana sun ɗauki alƙawarin ba za su bari in manta ba. Gara in faɗa tun daga farko kafin wani ya riga ni: wawa ɗaya ne a labarin nan, kuma shi ne mai ba ku labarin. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Aji huɗu na yi a nan Makka, malamai suka ga sun yi iya ƙoƙarinsu, ni ma na ga na yi nawa, muka rabu lafiya. Duk da haka a wancan lokacin gani nake yi babu abin da wani zai koya min a harkar gida da haya, ni da kakana ya tako garin nan da ƙafa daga ƙasar Kano, aka haifi ubana a nan, aka haife ni a nan.

'Yar autata ce ta yi aure. Malamar makaranta ce, mijin kuma gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani kamfani. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. In ya zo gaishe ni a gidana na Rusaifa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ya kafe takalmina da ido kamar zai saya. Ko na tambaye shi ƙarfe nawa ne, sai ya ce lafiya lau, Baba. Na yi murna da samun suruki irin wannan, har ranar da na ji inda ya kama musu haya.

Wanda bai san Makka ba bari in yi masa bayani. A unguwar Aziziyya akwai masu gidaje da suke ba da haya ta wata goma kacal. Kuɗin da sauƙi sosai, amma da sharaɗi: da Zulƙida ya kama za ka kwashe kayanka kaf, har labule, ka ba alhazai wuri. Sai an gama mausim, wato lokacin Hajji, alhazai sun koma ƙasashensu, sannan ka dawo ka sake kafa gado. Abin da mai gida yake samu a hannun alhazai a wata biyun nan yakan kai abin da ka biya shi a wata goma, wani lokaci ma ya fi. Irin wannan shigga, wato sashen haya a cikin bene, surukina ya kama wa 'yata, ɗaki biyu da falo.

Shekarar farko na yi shiru. Suka zo da kayansu a bayan dabbab, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, aka jibge kwalaye a ɗakin baƙina har ban ga bango ba. Na lura rabin kwalayen ma ba a taɓa buɗe su ba tun biki. Na kuma lura cewa in na kai musu ziyara, ful da tamis ne da safe, wato wake da gurasa, da rana kuma abin da ya yi saura. Mutum yana ɗaukar albashi, matarsa tana ɗaukar albashi, amma ko kujerun kirki babu a falonsu. Na zauna na yi nazari irin na masu aji huɗu, na yanke hukunci cewa Allah ya haɗa ni da suruki marowaci. Ban tambaye shi ba, don suruki ba ya tambayar suruki abin da ke aljihunsa. Ban tambayi 'yata ba, don kada ta ga ina shiga aurenta. Uwarta kuwa da na yi mata zancen, cewa ta yi in bar yara su yi rayuwarsu, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

A shekara ta biyu ne abin ya kai ni bango. Muna da majalisa da muke zama bayan la'asar, mu tsofaffi biyar, ana shan shayi ana gyara duniya. Akwai wani abokina a ciki, Basakkwace, tun muna samari muna dakon kayan alhazai a Mina yake neman inda zai soke ni. Ran nan Shawwal ya kusa raba tsakiya sai ya tambaye ni, a gaban kowa, ko an fara warware 'yata. Na ce warwarewa kamar yaya? Ya ce ai ya ji duk shekara naɗe ta ake yi a ajiye, sai bayan Hajji a sake kafawa, kamar tantunan Mina na zamaninmu. Aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Ni ma na yi dariyar, amma a haƙori ta tsaya.

Washegari na saka farar tobe, doguwar rigata ta Juma'a, ranar kuwa Talata ce, na hau mota sai Aziziyya. Mai gidan da suke haya Balarabe ne dattijo, mun san juna shekara da shekaru, kuma irin mutanen nan ne da maganar dattijo ta fi takarda ƙarfi a wurinsu. Ya zuba min gahawa, na sha kofi uku don in tara ƙarfi, sannan na ce masa bana 'yata ba za ta tashi ba, ya cire shiggarsu daga cikin waɗanda zai ba alhazai. Ya dube ni ya tambaya ko surukina ya sani. Na ce ni ne ubansu su biyun. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsa da murya mai ɗan ƙarfi. Sai ya faɗi abin da za a biya na wata biyun. Wallahi adadin ya wuce duk abin da na zata, amma na riga na ɗaga murya, kuma ban san yadda ake sauke ta ba. Na ce halas, za a biya. A raina ina cewa ai marowaci yana da su, yau ga ranar fito da su. A gabana mai gidan ya buga wa wakilin alhazai waya ya ce shigga uku zai bayar bana, ba huɗu ba.

Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ban gaya wa kowa ba, na adana labarin sai Juma'a, ranar da suke zuwa cin abincin rana a wurinmu. Na bari aka ci aka ƙoshi, na gyara murya, na ce ina da albishir: bana babu dabbab, babu kwali, babu mai sake yi wa 'yata dariya a Makka.

Surukina ya ajiye cokali a hankali. Uwargida ta dube ni irin kallon da take yi wa madarar da ta lalace. Ita kuwa autar, abin da ya tsorata ni da ita shi ne harshen da ta zaɓa. Yaran nan da aka haifa a nan, in sun yi fushi Larabci suke zubawa kamar famfo, ka bar su su gaji. Ranar da Hausa tsantsa ta yi min magana, a sanyaye, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kuɗin da ka yi alƙawari da su, kuɗin gidanmu ne."

Nan na ji abin da kowa a ɗakin ya sani ban da ni. Tun daren tarewa suka shirya cewa ba za su tsufa a gidan haya ba. Banki zai ba su bashin sayen shigga, amma sai sun kawo kafin alƙalami daga aljihunsu. Shi suke tarawa. Albashinsa na ci da haya, nata ba a taɓawa, ga adashe da take zubawa da malaman makarantarsu. Hayar wata goman da nake jin kunyarta dabara ce, ba tsiya ba. Kwalayen da ba a buɗe ba kayan biki ne da ta rantse ba za ta shimfiɗa su ba sai a gidanta na kanta. Har sun samu shiggar, a hawa na farko na wani bene a Rusaifa, layi biyu tsakaninmu. Mai sayarwa ya yarda zai jira su zuwa bayan Hajji, lokacin da za ta kwashi adashe kuɗin su cika cif. In ba su cika ba, akwai wani mai so a bayansu.

Na juya wajen uwargida na ce to don me aka ɓoye min? Ta ce saboda duk abin da na ji da azahar majalisa ta ji shi kafin magariba, kuma ranar da dangi suka san yaran suna da ajiya, ranar kowa zai tuna yana da mara lafiya. Abin da ya fi ci min rai shi ne surukina. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Kansa a ƙasa ya ce, "Ba komai, Baba, ai alheri ka nufa."

Asabar da safe na koma Aziziyya, wannan karon ban saka tobe ta Juma'a ba. Mai gidan ya saurare ni har na gama kame-kame, ya ce shi ba ya riƙe ni da mugunta, amma wakilin alhazai ya riga ya cike gurbin a wani gida, an rufe takardu. In na samo masa wanda zai kama shiggar na wata biyun nan, ya yafe maganata. In ban samo ba, magana tana nan yadda na faɗe ta, tunda sau biyu ya tambaye ni.

Kwana tara na yi ina zaga Aziziyya a cikin ranar Makka, ofis zuwa ofis, ina tallar shiggar da ni da kaina na hana a bayar. Duk inda na shiga sai a ce, ya ammi, wato baffa, ka makara, an gama rabo tun Ramadan. Wasu su ba ni ruwan sanyi, wasu su ba ni shawara, wadda ita ce ta jefa ni a ciki tun farko. A rana ta tara Basakkwacen nan da ya tsokane ni ya same ni zaune a bakin masallaci na cire takalmi ina duba ƙafa. Da ya ji abin da na aikata sai da ya yi dariya ta ishe shi, sannan ya ce yana da ƙanin mata da ke kula da masu dafa wa alhazai abinci, suna neman inda ma'aikatansu za su kwana. Muka je. Suka kama, amma kuɗinsu bai kai abin da mai gida zai samu ba. Giɓin da ya rage na sayar da tsohuwar motata na toshe rabi, wadda dama tura ta nake yi fiye da yadda take ɗaukata. Sauran rabin dole daga ajiyar yaran ya fito.

Suka zo da dabbab kamar kullum. Bana da hannuna na taya sauke kwalayen, babu wanda ya ce in bari. Surukina ya ɗauki aikin mausim a Mina kan aikinsa, yana bin tantuna yana gyaran mukayyif, ya dawo ya yi baƙi ya rame kamar an shanya shi. Duk da haka da aka gama Hajji kuɗin ba su cika ba. Mai sayarwa ya ƙara musu mako biyu, sannan ya ba wancan mutumin shiggar hawa na farko. Ranar autata ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kawo min shayi kamar yadda ta saba, har da na'ana'a, kuma ban taɓa shan shayi mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Amma yaran nan ba su karaya ba, abin da har yau yake ba ni mamaki ke nan. Suka koma Aziziyya, suka koma kan ful da tamis, suka ci gaba daga inda na tsayar da su. Bayan wata biyar wata shigga ta fito a benen nan dai, a hawa na huɗu, can ƙarshe kusa da tankunan ruwa. Benen tsohon gini ne, babu lif. Amma ta fi waccan haske, kuma kuɗinta ya ɗan fi sauƙi. Suka kai kafin alƙalami, banki ya sa hannu, aka miƙa musu mukulli. Ranar surukina ya zo gidana ya durƙusa a bakin ƙofa ya ɗora mukullin a tafin hannuna, kuma a karon farko tun da na san shi ya ɗago ya dube ni a ido yana murmushi.

Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce ni nake koyarwa, shi ne ba duk wanda ka gani yana ƙuntata wa kansa ne yake cikin wahala ba. Wani hanya yake bi, ya san inda za shi, kai ne ba ka sani ba. Kuma kafin ka ceci mutum, ka tambaye shi ko faɗuwa yake yi. Yanzu in na ga sababbin ma'aurata suna loda kaya a dabbab a farkon Zulƙida, addu'a nake yi musu, in kama bakina.

To amma hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Ranar walimar tarewa aka buɗe kwalayen nan, aka shimfiɗa darduma sabuwa fil, gida ya cika da dangi da 'yan majalisa. Na ci shinkafar kabsa na ƙoshi, na jingina da matashi, na ji bakina yana ƙaiƙayi. Na fara ba mutane labarin yadda na yi kwana tara ina yawo a rana, da yadda na sadaukar da motata, na ɗaga yatsa na ce su yaran yanzu ba su san darajar tsofaffi ba, amma da ba don ni ba...

Uwargida ta iso ke nan, ita ce ta ƙarshen hawowa. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a bango, ɗaya a gwiwa, tana haki. Ta bari numfashinta ya dawo, sannan ta ƙarasa min maganar.

"Da ba don kai ba, Malam, da tun a hawa na farko na zauna."