Zuciyar Inna a Dama Take

Inna, kakata ta wajen uwa, in za ta ce "har cikin zuciyata", ƙirjinta na dama take dafawa. Mu jikoki mu yi ta ƙyalƙyala dariya. "Inna, a hagu take fa, haka malaminmu ya ce!" Sai ta harare mu ta ce, "Malamin naku ya taɓa leƙa cikina?"

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, da an sauke tuwon dare muke kewaye murhu kafin garwashi ya mutu. Ta gyara zani ta ce, "To ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya matsa." Tatsuniyar da na fi nacin ji ita ce ta dodon da ke satar zukata. Yakan zira hannu ta hagun ƙirjin mutum ya zare, har ya kusa ƙarar da gari. Rannan ya tare wata yarinya a bakin rafi. Ya laluba hagu, wayam! Ya sake lalubawa, babu komai, ga yarinya tsaye tana kallonsa. Tsoro ya kama shi, ya watsar da buhun zukatan ya ranta a na kare. Ni dai kullum sai na tambaya, "To ina ta ɓoye tata?" Inna ta ce, "Ba ta ɓoye ba. Shi ne bai iya nema ba."

Bara 'yata Ummi, mai shekara tara, ta kwanta da amai da zazzaɓi, tana riƙe mararta ta hagu. A wani ƙaramin asibiti kusa da gidanmu a Daurawa aka ce ba afendis ba ne, ai shi a dama yake. Kwana biyu ana maganin taifot, yarinya sai ƙara lanƙwashewa take. Wallahi na tsorata, na ga kamar za ta tafi ta bar ni.

Muka je hoton ciki. Mai hoton ya shafa mata mai, ya ɗora na'ura a dama yana neman hanta, bai gan ta ba. Ya koma hagu, sai ga ta. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, ya ɗaga, ya juya shi, ya sake juyawa, yana zaton a baibai ya riƙe. Can ya ce, "Hajiya, kayan cikin 'yarki duk a juye suke. Da wuya ake samun haka. Afendis ɗinta a hagu yake, kuma ya kumbura. Yau za a yi aiki."

Da ta farfaɗo, na kwantar da kunnena a ƙirjinta na dama. Ga ta nan, tana bugawa. Shekara tara ina goyo ina runguma, ban sani ba.

Inna ta rasu ba a taɓa ɗaukar mata hoton ƙirji ba, don haka ba ni da tabbas. Amma ranar na yi kuka, na ce, "Inna, ki yafe mana dariyar nan."