Farantin Sulhun Daw Sein Mya

Daw Sein Mya ba ta taɓa yarda cewa shayi abin sha ne kawai ba. Tun tana budurwa a tudun Kyaukme ta koyi aikin a hannun mahaifiyarsu: a tsinko ɗanyen ganye, a turara, a murje, a danna cikin gora a binne, in ya tsumu a tono. Shi ne lafet, shayin da ake ci. Da shi ta zauna a kasuwa har ta yi furfura, tana haɗa wa mutane da man gyaɗa da riɗi da soyayyar tafarnuwa, tsiya kuwa kyauta take ɗora musu. Mu da muke rumfa ɗaya da ita mun sha dariya, mun kuma sha faɗa.

Sunan mutum ɗaya ne ba a ambata a gabanta: ƙanenta, Maung Tint. Shekarar da mahaifiyarsu ta rasu ya sare tsofaffin itatuwan shayin gida ya shuka masara. Ta je ta ga kututture, ta juyo, daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba. Kowa ya san yadda ake kashe gaba a garin nan: a zauna a ci lafet a faranti ɗaya, shi ke nan magana ta mutu. Sau nawa ta haɗa wa maƙwabta farantin sulhu da hannunta! Nata ne ta ƙi.

Sai da ciwon maƙogwaro ya kwantar da ita ta gane ba mutuwar take tsoro ba, tafiya da gabar nan ce. Ta aika a kira shi.

Da hantsi ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Yaya, an ce kina nemana. Duka za ki yi min?"

"Da ina da ƙarfi. Ji tumbi, kamar ka haɗiye masarar taka gaba ɗaya."

"Ke kuma ko'ina ya rame ban da bakin."

Aka ajiye farantin lafet a tsakaninsu. Ya ɗiba ya tauna.

"Tafarnuwa ta yi yawa."

"Ci ka yi min shiru."

Ta ɗebi ɗan kaɗan ta kai baki. Ya ƙi wucewa. Tari ya turnuƙe ta, ta tofar. Ta sake gwadawa, haka. Hawaye suka cika mata ido, domin in mutum ɗaya ne ya ci, ba a yi sulhu ba.

"Ka gani ko, ƙanena? Na makara."

Maung Tint ya jawo butar ruwan shayi da ke gefen shimfiɗarta, ya ɗebi lafet daga farantin ya sa a kofi, ya tsiyaya ruwan a kai, ya dame da bayan cokali.

"Haba, Maung Tint! Wa ya taɓa shan lafet? Za ka ɓata min suna a kasuwa."

"Daga faranti ɗaya ya fito ko ba daga nan ba? Buɗe baki, Yaya."

Ta buɗe. Ruwan ya tsaya, ya tsaya, sannan ya wuce. Ta lumshe ido, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki.

"Ba daɗi," in ji ta.

"Na sani."

Ta kama hannunsa ba ta sake shi ba har barci ya ɗauke ta.

Farkon damina ƙawata ta rasu. Rumfarmu ta yi shiru, har yau nakan juya in gaya mata magana. Amma ta tafi ba nauyin kowa a ƙirjinta. Ranar da aka kai ta, Maung Tint ne ya zagaya da faranti wajen masu gaisuwa, ido jawur, yana cewa, "Ku yi haƙuri da tafarnuwar, haka Yaya take so."