Elfadil, Wanda Ya Hana Ni Goge Kukis

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 4 ga Fabrairun 2025, bayan la'asar, labari ya iso rumfata a kasuwar Gadarif cewa Allah Ya karɓi ran Elfadil, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Elfadil, ka zo mana daga Khartum a 2023, da yaƙi ya ɓarke, kwamfuta ɗaya ka tsira da ita. Da ita ka gina shafin intanet da masu gudun hijira ke sa sunayen waɗanda suka ɓace. Ni ma na zo maka da sunan jikata Razan, 'yar shekara tara, wadda ta kuɓuce daga hannun uwarta ranar da suka fito daga Madani.

Ni da na koyi karatu da furfura a ajin yamma, kalmar sirri ba ta zama a kaina. Sau uku ina mantawa. Ba ka ƙosa ba. Ka ce, "Ya Hajj Rufa'i, bari kukis ya riƙe maka."

Na ce, "Ɗana, ni da ciwon sukari za ka ba biskit?"

Ka yi dariya har da tari. Ka ce, "Ba ka ajiye dawa a makhzan, ɗakin ajiya? Buhunan suna can, kai 'yar takarda ke hannunka. To bayanin Razan yana wajenmu, kukis ita ce 'yar takardar da shafin ya bari a talafonka. Da ka buɗe, zai gane ka. Ka leƙa kowace Juma'a, kuma kada ka bari a goge."

Bayan an kai ka makwanci, surukina Mohanad ya ce talafona ya cika, a wanke shi tas. Na ƙwace abina. Amma tsoron buɗewa nake, don a zatona shafin ya bi mai shi.

Ranar Juma'a, da na dawo masallaci, na daure na buɗe. Sai ga shi: "Marhaba, Rufa'i." A ƙasa kuma saƙon wata mata Fatin daga Hawata: yarinya mai tabon ƙuna a hannun hagu tana gidanta wata goma sha huɗu.

Tabon Razan ke nan; muka je Hawata muka ɗauko ta. Jiya Razan ta kwana a jikin uwarta. Ina rubutun nan ina jin muryarta a tsakar gida. Kwana uku kacal ya rage ka ji, Elfadil. Na je kabarinka na faɗa maka da bakina.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya ba mai ɗakinka Hadeel da mahaifiyarka haƙuri. Kamar yadda shafinka ya gane ni, Allah Ya sa a gane ka a ƙofar Aljanna, a ce maka marhaba. Amin.