Itacen Hanon da Na Kashe

Wahala dai mun sha ta, kuma ba na cikin masu cewa komai na da daɗi ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata Laraba a daminar da na bar makaranta daga aji uku. An yi ruwa mai yawa, kowa a unguwarmu da ke gefen Faru ya saɓa kalme ya nufi gona, babana kuwa yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki, gwiwarsa ta dama ta kumbura ta yi sumul kamar duma. Ko ƙuda ne ya sauka a kanta sai ya ciji leɓe. Geronmu bai wuce idon sawu ba, haki ya riga ya fi shi tsawo. In aka ƙara kwana goma ba a yi noman farko ba, to abincin shekara ya tafi. Gayya ba ta yiwuwa, don ba mu da hatsin da za a dama wa masu aiki fura.

Mai maganin gidanmu ita ce Goggo, yayar babana, wadda ta dawo wurinmu bayan mijinta ya rasu a Birnin Tudu. Ba boka ba ce, itatuwa kawai ta sani. Ɗakinta kullum ƙamshin busasshen ganye yake yi: ga bagaruwa a ƙoƙo saboda ciwon baki, ga sabara a rataye, ga jar kanwa a ƙulle cikin tsumma. In ka gurɗe a wurin langa ita za ta gasa maka ƙafar, tana gasawa tana yi maka faɗa. Ranar ta latsa gwiwar Baba, ta ce wannan ya fi ƙarfin sabara ita kaɗai, sai an haɗa da ɗanyen sassaƙen hano. Hano kuwa guda ɗaya ne a kusa da mu, a kan dutsen da ke bayan fadama. Ta ba ni gizago, ta ce in sassaƙo faɗin tafin hannu ta gabas, faɗin tafin hannu ta yamma, in shafe wurin da laka, in ya ƙare bayan kwana uku in sake komawa.

Tafiyar da nisa. Na keta fadama ruwa har cinya, ƙaya ta shiga mini ƙafa, na hau dutsen ina haki. Da na isa sai na ga itacen a tsaye fari sol, fatarsa na ɓarewa kamar takarda, ƙaronsa na ƙamshi. A jikinsa akwai tabon masu sassaƙa na shekaru, duk ƙanana, duk sun warke. Ni kuwa na tuna cewa bayan kwana uku zan sake wannan tafiyar, alhali sa'o'ina na can tafki suna wanka. Sai na sa gizago na zagaye gindin gaba ɗaya, na ɓaro ɓawon har inda hannuna ya kai, na cika riga. Ko laka ban shafa ba. A hanya har ina jin daɗi, ina zaton za a yaba mini.

Goggo ta zazzage rigar, ta ɗauki ɓawo ɗaya ta ga yadda ya lanƙwashe ya kusa haɗe baki. Ba ta doke ni ba. Cewa ta yi, "Garba, ka yi ma ubanka maganin bana, ka hana mashi na baɗi." Ban gane ba a lokacin. Ta dafa sassaƙen da sabara da 'yar ƙanƙanuwar kanwa har ruwan ya yi ja, ta riƙa gasa gwiwar da ganyen safe da yamma, tana auna masa na sha a ƙaramin ludayi cikin kunu. A kwana na biyar Baba ya taka. A na bakwai muna gona. Shekarar rumbunmu ya cika.

Da damina ta zagayo gwiwar ta sake tashi. Na hau dutsen na tarar da hanon ya bushe ƙayau, gara ta fara cin gindinsa. Sauran hanon suna can cikin daji, tafiyar yini guda, wanda aka samo a kasuwa kuma tsohon ɓawo ne, ko ƙamshi babu. Baba ya yi noman shekarar a zaune, yana jan jiki daga kunya zuwa kunya, ƙafar a miƙe. Rabin gonar haki ya cinye. Har ya bar duniya bai taɓa yi mini maganar itacen ba, abin da yake ce mini kawai shi ne, "Kama can, in kama nan." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina dakon albasa a kasuwar Talata Mafara, kuma gwiwar ta zo kaina, ita ma ta dama. Na shekara ina haɗiyar ƙwayar ciwon jiki har cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Jiya na je wurin maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a garin nan. Ta ce in daina ƙwayar haka nan. Da na ba ta labarin Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce masu bincike sun gano wani sinadari a ganyaye da ɓawon itatuwa, wai shi filabonoyid, yana kwantar da kumburi yana rage zogi, akwai shi a hano da sabara da zoɓo, har da albasa. Na ce mata albasar ce ai ta gama da ni. Ta ce binciken bai ƙare ba, kuma kada in je in dafa tukunya in shanye, don awo shi ne maganin, ga cikina ba lafiya.

Awon ne ban sani ba. Lokacin da Goggo ke aunawa ina tafki. Dutsen kuma yau ba mai zuwa, dajin ya daina shiguwa saboda ɓarayi, itatuwan kusa masu gawayi sun gama da su. Da muna da itacen ba mu san sunan abin da ke cikinsa ba, yanzu ga suna ba itacen. Wadda ta rage cikin masu zama gefen murhun Goggo ita ce yayata Hajo da ke aure a Bakura, ita ma idonta ya fara rauni.

Yau da na idar da asuba ban je kasuwa ba. Na ɗaure gwiwar da tsohon rawani, na hau mashin zuwa Bakura.